Na'urar awon jiki ta jaka 68: teloli, za ku yarda da ita?

Isuhu mai gyaran salula, Bukoki:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon saƙo. Wata huɗu ke nan ina fama da wani abu a bayan shagona, jiya da dare ya yi abin da nake so, shi ne na ce bari in kawo shi gabanku tun kafin in fara yi wa kaina kirari. Na haɗa na'urar da ke ɗaukar siffar jikin mutum gaba ɗaya, gaba da baya da gefe, ta fito da shi cikin kwamfuta kamar ɗan mutum-mutumi, ka juya shi yadda kake so, ka auna ƙirji da ƙugu da tsawon hannu ba tare da ka taɓa kowa ba. Idonta Kinect ne, wanda Microsoft ta fitar a 2010 don wasannin Xbox 360. A tarkacen kasuwar Katako ta nan Yamai na tsince shi, mai shi bai ma san amfaninsa ba, jaka 12 ya sallama min. Faifan da mutum ke tsayawa a kai katako ne bisa boris na mota, injin da ke share gilashin mota ne ke juya shi, wani ɗan allo mai suna Arduino ke ba shi umarni. Zagaye ɗaya daƙiƙa 40. Duka-duka jaka 68 na kashe, ban da kwamfutar da nake da ita tun da. Tambayata ga telolin gidan nan: in na gyara ta sosai, akwai mai sa ta a shagonsa?

Alhaji Mamman Tela, Wadata:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa albarka, hannunka ba ya zama banza, na san haka tun ranar da ka tayar min da wayar da ta faɗa cikin tulu. Amma bari in faɗa maka gaskiya. Shekara 38 ina kan keke. Metir ɗina dala hamsin na saye shi, yana rataye a wuyana, ba ya cin kuran, ba ya jin zafi. Minti biyu na auna mutum na rubuta a kaye. A duk rigimar da na taɓa yi da masu kaya, ba a kan awo aka yi ta ba. Ko dai alkawari ne ya saɓa, ko an ɗauke wuta daren jajibiri, ko yaro ya ƙona shaddar mutane da dutsen guga. In na'urarka tana maganin waɗannan, yau zan zo in ɗauka.

Nuhu:
Baba ya gama magana, a tashi taro.

Isuhu mai gyaran salula, Bukoki:
Baba, na ji, kuma ban musa ba. Nuhu, kai zauna tukuna.

Hajiya Rabi mai ɗinkin mata, Yantala:
Ni tambaya ɗaya gare ni kafin komai. Abin nan yana gani ta cikin tufafi?

Isuhu mai gyaran salula, Bukoki:
A'a Hajiya, ko kaɗan. Ga yadda yake aiki. Yana watsa dubban ɗigon haske a jikin mutum, irin hasken da ido ba ya gani, kamar wanda ke fita daga bakin rimot. Sai wata kamara a gefe ta duba inda kowane ɗigo ya sauka. Ki ɗaga yatsa gaban fuskarki, ki rufe ido ɗaya, ki buɗe ki rufe ɗayan, za ki ga yatsan yana tsalle. In ya yi kusa tsallen ya yi yawa, in ya yi nisa ya ragu. Da wannan tsallen na'urar ke gane nisan kowane wuri. Abin da hasken ya fara tararwa shi take ɗauka. In zane ne, zane za ta auna.

Hajiya Rabi mai ɗinkin mata, Yantala:
To ai ka kashe maganar da bakinka, ƙanena. In na zo da lafaya, lafaya za ta auna. In Alhaji ya zo da babbar riga, tanti za ta fitar. Ke nan sai mutum ya tuɓe ya bar abin da ya kama jiki. Wace matar aure ce za ta hau faifai tana juyawa kamar kaza a gasa, da ɗan kamfai, gaban kamara? Ni a shagona akwai labule, yarinyata ke shiga da mace ta auna ta, lamba kawai ke fitowa daga bayan labulen. Kuma kada ka ji haushi, ku masu gyaran salula ba ku da shaida mai kyau a wannan fanni. Ɗiyar ƙanwata ta kai waya gyara wani wuri, ba zan faɗi ko ina ba, bayan sati biyu hotunanta na biki suna yawo a hannun samarin unguwa. Hoton biki ke nan, da kaya a jikinta. Ina ga wannan?

Isuhu mai gyaran salula, Bukoki:
Ban ji haushi ba Hajiya. Akwai ɓata-gari a cikinmu, ba zan rufe ba.

Malam Ibro:
Ni dai abin da na sani, tsiraici tsiraici ne ko ido ya gan shi ko kamara. Mace ta auna mace, namiji ya auna namiji, kuma kada a ajiye siffar kowa. Sauran bayani a kai wa waɗanda suka fi ni karatu.

Abdul-Aziz, ɗalibi, Jami'ar Abdu Mumuni:
Ina neman izinin manya in sa baki. Matsalar da Hajiya ta kawo ba mu kaɗai ta dama ba, kamfanoni masu biliyoyi sun yi karo da ita. Wani kamfanin sayar da tufafi na Japan, ZOZO, ya raba wa mutane wata baƙar riga mai kama jiki daga wuya har idon sawu, cike da fararen ɗigo sama da 300. Ka sa ta a ɗakinka, ka jingine waya, ka dinga juyawa tana ɗaukar hoto, sai ta ba ka awonka su ɗinko maka kaya. A 2018 aka yi wannan, an raba rigunan da yawan gaske, amma cinikin bai biyo baya ba, ba a jima ba suka janye. Mutane sun sa sau ɗaya don sha'awa, sun ɗauki hoto, sun jefa a akwati.

Hanyar da ake bi yanzu daban ce. Ba a neman ganin kowane lungu na jiki. Akwai wani samfurin jikin ɗan Adam na lissafi, SMPL, da masu bincike na cibiyar Max Planck a Jamus suka fitar a 2015. Kamar a ce jiki ne na roba mai maɓallai kaɗan, wannan ya ƙara tsawo, wancan ya ƙara ƙiba, wani ya faɗaɗa kafaɗa. Sai kwamfuta ta dinga murɗa maɓallan har robar ta dace da abin da kamara ta gani, inda kamara ba ta gani ba ta cike da ƙiyasi. Amma ga inda gizo ke saƙa: samfurin ya koyi siffar jiki ne daga wani awo da aka yi wajen shekarar 2000, mai suna CAESAR, mutum kusan 4,400 daga Amurka ta Arewa da Holand da Italiya. In ka kawo masa Bafillace ɗan Abalak mai dogayen ƙafafu da siririn ƙugu, ƙiyasinsa zai ja shi wajen jikin da ya saba gani.

Nuhu:
Wato ko kwamfuta sai ta yi wa Bafillace ƙiba. Allah ya kyauta.

Hamidu ɗan Adar, Abijan:
Ku dakata, ni abin ga ya yi mini. Baba Alhaji shina magana kamar kowa na iya tahowa shago. Mu hwa? Shekara shidda ina Abijan. Ko wace Salla ina aika shadda gida Tawa, telanmu na unguwa shi ɗinka mini, don ɗinkin nan bai kai mini na gida ba wajen aikin wuya. Awon da ag gare shi na ranar da na bar gida ne. Bara da anka kawo mini kaftani, na sa kai ya shiga, tumbi ya ƙiya. Ranar idi da tsohuwar riga na tahi masallaci, sabuwar na ba yaron shagona. In da akwai wurin da zan tsaya daƙiƙa 40 a aika wa tela lambobi, wallahi ko jaka biyu ina biya. Kuma ku san mu ƴan Adar da ke waje ba mu ƙirguwa, Abijan, Libiya, Kamaru, ko ina.

Alhaji Mamman Tela, Wadata:
Hamidu, ba a rasa tela a Abijan da zai auna ka ya rubuta a takarda ka ɗauki hoto ka aika. Kasala ce ke damunka da aceke.

Hamidu ɗan Adar, Abijan:
Na yi haka Baba. Telan nan ya auna hannu daga tsakiyar baya, namu na gida daga kan kahwaɗa yake hwarawa. Da rigar ta zo, hannunta ya wuce yatsuna.

Isuhu mai gyaran salula, Bukoki:
Wannan shi ne abin da ya sa na fara aikin. Awon tela uku, lamba uku. Siffar da na'ura ta ɗauka kuwa, kowane tela zai iya aza metir ɗinsa a kanta daga inda ya saba farawa. Matsalar Yaya Hamidu ita ce faifaina yana Bukoki shi yana Abijan. Wayoyin da ke da idon auna nisa a bayansu, irin iPhone 12 Pro na 2020 da manyan da suka biyo shi, kuɗinsu ya fi na keken ɗinki. Abin dariya, kamfanin Isra'ila da ya ƙera idon Kinect na farko, PrimeSense, Apple ce ta saye shi a 2013, dabarar ɗigon nan ce ke buɗe iPhone da fuska tun 2017. A shekarar kuma Microsoft ta daina ƙera Kinect na Xbox baki ɗaya. Shi ya sa nake tsintarsa a Katako.

Abdul-Aziz, ɗalibi, Jami'ar Abdu Mumuni:
Akwai hanyar hotuna zalla, Yaya Isuhu. Ka zagaya mutum da kowace irin waya ka ɗauki hoto 60 ko 80, manhajar Meshroom, wadda kyauta ce, ta haɗa su. Sai dai tana son kwamfuta mai katin sarrafa hoto na kamfanin NVIDIA, kuma dole mutum ya daskare har a gama. Wani abin kuma, tana neman zane-zane da za ta kama. Atamfa tana yi mata daɗi ƙwarai, farin yadi kuwa ko shadda mai ƙyalli sai ta rikice.

Zainabu, ma'aikaciyar jinya, jihar Tawa:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ku kuna maganar kwalliyar Salla, mu nan awon jiki rai ne. Kullum muna auna damtsen yara ƴan wata 6 zuwa shekara 5 da ɗan zirin nan mai launi uku. Ƙasa da milimeta 115 ja ne, yaro yana cikin haɗari, daga 115 zuwa 125 rawaya, sama da haka tsanwa. Zirin ba ya son kuran, ba ya son karatu, uwaye ma an koya musu suna auna ƴaƴansu a gida, a ƙasar nan aka gwada hakan wajen Mirya aka ga suna iyawa. Babu na'urar da za ta kori wannan. Inda muke shan wuya shi ne awon tsawo. A kwantar da yaro a kan allon awo, ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya danne gwiwa, yaro na ihu yana harbi, uwa na cewa a yi a hankali, bayanka mata 50 na jira cikin rana. Santimeta ɗaya in ya kuskure, lissafin nauyi da tsawo ya canza. Na san wata ƙungiyar Jamus, Welthungerhilfe, ta yi manhajar waya da ke ɗaukar siffar yaro don wannan, sun gwada ta a Indiya. Amma Isuhu, daƙiƙa 40 ka ce? Kawo min yaro ɗan shekara biyu da zai tsaya daƙiƙa 4.

Isuhu mai gyaran salula, Bukoki:
Anti Zainabu, nan kam na sallama. Sai an jera ido da yawa su ɗauka lokaci guda, kuma Kinect biyu in suna kallon wuri ɗaya ɗigonsu na cakuɗewa. Wannan ya fi ƙarfin aljihuna.

Umaru mai haɗa ƙafar roba, Yamai:
Bari in shigo, don a wajenmu abin ba labari ba ne. Ƙungiyar Handicap International ta gwada ɗaukar siffar gaɓa da ƙaramar na'ura a buga abin tallafin da injin ɗab'i mai fitar da abu a tsaye, a Togo da Mali da nan Nijar. Amfaninsa a fili yake. Wanda aka yanke wa ƙafa a ƙauyen Keita ko Bouza, zuwansa Yamai kuɗin mota ne da masauki da mai rakiya, kuma ba zuwa ɗaya ba ne. In ma'aikaci zai je da na'ura cikin jaka ya ɗauko siffar dungun ya aiko, an rage masa tafiya. Amma ga abin da ba a faɗa. Idan na naɗa wa dungu farar ƙasar nan ta ɗaurin karaya, ba siffa kawai nake ɗauka ba. Yatsuna na dannawa, ina jin inda ƙashi ya taso, inda nama ke da laushi, inda mutum ya ɗan yamutsa fuska. Inda zai iya ɗaukar nauyi in matse, inda ƙashi yake in bar fili. In ka ƙera kwankon da dungun ke shiga daidai da siffar fata, kwana uku sai gyambo. Na'ura ta ɗauko, amma sai wanda ya san aikin ya zauna ya rage nan ya ƙara can.

Alhaji Mamman Tela, Wadata:
Malam Umaru, Allah ya biya ka, ka faɗi abin da na kasa faɗa. Mu saki muke ce masa. Ƙirjin mutum 100, ba na yanka 100. Ɗan saurayi mai son a ga damtse in ƙara masa kaɗan, dattijo mai zama a tabarma ya tanƙwashe ƙafa in sake masa sosai, mai hawan moto in duba cinyar wando. Wani in ya shigo, daga yadda ya zauna na san sakin da yake so. To Isuhu, kada a ce tsoho ya ƙi abu bai gani ba. Asabar bayan la'asar ina zuwa da metir ɗina, ka auna ni in auna kaina.

Nuhu:
Ina zuwa kallo, zan kawo shayi.

Isuhu mai gyaran salula, Bukoki:
Ga rahoton Asabar, kamar yadda na yi alkawari, mai daɗi da marar daɗi. Baba ya zo cikin shadda ruwan toka sabuwa fil. Muka ɗora shi a faifai, siffar ta fito duk ramuka, ƙyallin shaddar ya watsar da hasken. Ga kuma rana ta leƙo ta ƙofa, ita ma tana da irin wannan hasken, ta shanye ɗigon gefen dama gaba ɗaya. Muka rufe ƙofa da bargo, zafi ya taso, Baba ya rage kaya ya bar singileti da wando. Zagaye na biyu yana tsakiya aka ɗauke wuta, faifai ya tsaya Baba na fuskantar bango, hannuwa a buɗe, yana tambaya ko ya sauko. Nuhu ya yi dariya har shayi ya zube. Muka jona batirin mota, na uku ya yi.

Lambobi: tsawo daga kafaɗa zuwa gwiwa, na'ura da metir bambancin rabin santimeta. Faɗin kafaɗa daidai. Ƙirji, na'ura 104, metir 101, ina zargin singiletin da kuma hammata, don ido ba ya shiga can, manhajar cikewa take. Ƙugu, na'ura 98, metir 103.

Hajiya Rabi mai ɗinkin mata, Yantala:
Santimeta biyar a ƙugu? Ai wannan wando ne da ba zai rufu ba.

Alhaji Mamman Tela, Wadata:
Hajiya, a nan kada a zalunci na'ura. Ni na shanye cikina. Kamara na kallona, yara na kallona, ban san lokacin da na yi ba. Masu kaya ma haka suke min, sai dai ni ina sa su magana har su manta su saki numfashi, sannan in karanta metir. Abu ɗaya kuma zan faɗa don Allah. Da yaron nan ya juyo min bayana a kwamfuta, na ga kafaɗata ta dama ta fi ta hagu sauka, ya auna, kusan santimeta 2. Shekara 38 na keke ne. Ina ganin haka a jikin mutane in gyara musu a yanka, ban taɓa sanin nawa haka yake ba. Yarana masu koyo, shekara uku ina nuna musu wannan ba su gani, ranar Asabar wanda na zo da shi ya gani nan take. Don koyarwa, na yarda. Don shago, tukuna.

Abdul-Aziz, ɗalibi, Jami'ar Abdu Mumuni:
Ni abin da nake hange ya wuce shago ɗaya. Birtaniya ta auna mutum 11,000 da irin wannan na'ura a 2001 don masu ɗinkin kanti su san girman jikin mutanensu. Mu kayan kanti da gwanjo duk da awon wasu aka yanka su. Mai kwangilar tufafin ƴan makaranta ko na ma'aikata, ƙiyasi yake yi, ƙarami da matsakaici da babba, rabi su dawo gyara. In aka tara awon mutum ko da dubu ɗaya na nan, lambobi zalla babu suna babu siffa, kowane tela zai amfana. Sai dai a sani, tun 2017 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan da hukumar da ke kula da ita, HAPDP. Kafin a tara komai sai an bi ta can.

Hajiya Rabi mai ɗinkin mata, Yantala:
To ga sharuɗɗana, in kana so mata su kusanci abin nan. A kawo shi shagona, bayan labulena. Yarinyata za ka koya wa, kai ba ka shiga. Kwamfutar ba ta haɗuwa da intanet. Siffar kada ta fito a allo ma sam, lamba kawai, kuma ta goge kanta gaban mai ita. In ka iya wannan, zan gwada da kaina tukuna kafin in kira kowa.

Isuhu mai gyaran salula, Bukoki:
Gogewar da ɓoye siffar aikin sati biyu ne, Abdul-Aziz zai taimaka min. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda manhaja za ta gane inda ƙugu yake ba tare da mutum ya nuna mata ba, don yanzu ni nake sa alama da hannu a kan siffar. Ki ba ni zuwa bayan Salla, Hajiya.

Hamidu ɗan Adar, Abijan:
Duk kun gama shirinku, ni hwa rigata ta bana?

Alhaji Mamman Tela, Wadata:
Hamidu, nemi igiya. Ka zagaya cikinka da ita bayan ka ci abincin dare, ba kafin ba, ka ƙulla, ka sa cikin ledar shaddar ka ba mai mota. Isuhu, kai kuma na bar hulata a kan kwamfutarka, ka ba Nuhu ya kawo min. Kuma wannan mutum-mutumin nawa mai singileti, ina so a goge shi ina tsaye.